Wai sai mutum ya "gano kansa" kafin ya amfani duniya?

Ɗalibar Lissafi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wata magana da ta cika ko'ina yanzu, ni kam ta fara isata. Wai kowane mutum yana ɗauke da wata babbar baiwa a ɓoye, aikinsa kawai ya tono ta, da ya tono ta sai ya canza duniya. A taron matasa ita ake yi, a bidiyoyin ƙarfafa gwiwa ita ake yi. Mutum ya saurara jininsa ya ɗau zafi, gari na wayewa ya tashi yadda ya kwanta. Tambayata biyu ce. Ta yaya mutum yake sanin iyakar abin da zai iya? Sannan wa ya ce gyaran duniya nauyina ne? Ba ni na ɓata ta ba, haka na zo na tarar da ita. Ba tsokana nake yi ba, so nake manya su warware mini.

Mai Ja-in-ja:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ai kin riga kin ba kanki amsa. Sana'a ce. Mai magana ya tafi da kuɗin tikiti, ke ki koma gida da zafin tafi a hannu.

Bari na ba ki abin da aka auna. A Amurka wasu masana tattalin arziki, cikinsu akwai Raj Chetty, sun bi diddigin mutane sama da miliyan ɗaya da suka yi rajistar wata ƙirƙira tasu, suka duba daga wane irin gida kowa ya fito. Yaron da iyayensa ke cikin kashi 1 cikin 100 mafi arziki, damarsa ta zama mai ƙirƙira ta ninka sau 10 ta yaron da iyayensa ke cikin rabin da ke ƙasa. Za ki ce wataƙila 'ya'yan masu kuɗi sun fi kaifin kai ne. To sun duba wannan ma. Ko a cikin yaran da suka yi zarra a lissafi tun suna aji uku na firamare, tazarar tana nan daram. Kenan baiwa a warwatse take ko'ina, ƙofa ce ba kowa ake buɗe wa ba. Wanda ya ce wa ɗan talaka "komai yana hannunka", laifin rufaffiyar ƙofa yake ɗora masa.

Batun gyaran duniya kuwa, ki duba wa ke cin riba idan aka ce nauyin na kowa ne. Kamfanin mai na BP ne ya yayata maganar kowa ya lissafa hayaƙi mai ɗumama duniya da shi da kansa yake jawowa, a tallace-tallacensa na wajen 2005. Alhali rahoton Carbon Majors na 2017 ya nuna kamfanoni 100 ne tushen kashi 71 cikin 100 na hayaƙin masana'antu tun daga 1988. A ɓata a sama, a ce na ƙasa ya gyara halinsa.

Malamin Aji:
Malam Mai Ja-in-ja, alƙalumanka daidai ne, amma ka tsaya a rabin shafi. Binciken nan da ka kawo ya gano wani abu kuma: yaran da suka tashi kusa da masu ƙirƙira sun fi zama masu ƙirƙira, kuma galibi a fannin da suka ga ana yi a gabansu. Wato ba kuɗi kaɗai ba ne, har da gani. Gani kuwa mutum ɗaya yana iya ba wani, ba sai majalisa ta zauna ba.

'Yata Ɗalibar Lissafi, tunda fanninki ne kin san Ramanujan, masanin lissafin nan ɗan Indiya. An ƙwace tallafin karatunsa a kwaleji saboda lissafi kawai yake karantawa, sauran darussa ya bar su sun faɗi. Ya ƙare a akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras. A 1913 ya aika wa G. H. Hardy na Jami'ar Kambirij wasiƙa cike da sakamakon lissafi. Hardy ya zauna ya karanta, ya gane abin da ke gabansa, ya yi ruwa ya yi tsaki har aka kai shi Ingila a 1914. Ya rasu a 1920 yana ɗan shekara 32, har yau ana tonon littattafan da ya bari.

A aji ma haka nake gani. Yarinya ce a layin baya, ba ta taɓa ɗaga hannu. Ka karɓi littafinta ka juya can baya inda take gwaji, sai ka tarar ta warware tambayar ta hanyar da ba ka koyar ba. Malami mai gaggawa zai ja mata jan biro ya rubuta "ba haka aka koya ba". Ita kanta ba ta san tana da wani abu ba, kuma ko ta kwana tana tunani a ɗaki ba za ta sani ba. Sai an ba ta tambaya mai wuya, an kuma samu wanda ya karanta amsar.

Ɗalibar Lissafi:
To Malam, in na fahimce ka, sai na zauna jiran Hardy nawa kenan?

Malamin Aji:
A'a 'yata. Shi ma bai zauna ba. Kafin ya rubuta wa Hardy, ya rubuta wa wasu masanan Ingila, bai samu komai daga gare su ba, ya sake rubutawa. Sannan ke da kike jami'a, ga wata 'yar aji uku ke ce mai karanta wasiƙar.

Tsohuwar Nas:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, yau kun taɓo ni.

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara ya san yadda gudawa take yi wa jariri: ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, ka ja fatar cikinsa ka saki ta ƙi komawa da wuri. A da maganin wannan ƙarin ruwa ne ta jijiya, wanda sai da asibiti da allura da ƙwararre. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya ga ruwan jijiya ya ƙare, mutane na faɗuwa. Masana sun riga sun gano cewa sukari yana jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya biyo shi, amma abin bai fita daga hannun likitoci ba. Sai ya sa aka dama gishiri da sukari a manyan durom-durom, ya miƙa wa 'yan'uwan marasa lafiya kofi ya ce su riƙa ba su. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Amma ni ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba. Daga 1980 wata ƙungiyar agaji mai suna BRAC ta tura mata gida-gida a Bangladesh suna koya wa iyaye mata haɗa ruwan da kansu, cikin shekara goma suka shiga gidaje sama da miliyan 12. Matan nan ba wanda ya san sunayensu. Ba na jin akwai wadda ta tsaya tana tambayar kanta ko ta gano baiwarta kafin ta shiga gida na gaba. A farkon shekarun 1980 gudawa tana kashe yara sama da miliyan 4 a shekara a duniya, yanzu abin ya dawo wajen rabin miliyan. Ba ruwan nan kaɗai ya yi ba, akwai tsaftar ruwa da rigakafi, amma rabonsa babba ne.

Don haka 'yata, amsar tambayarki ta farko a wurina: mutum ba ya sanin iyakarsa sai aikin da ake buƙata ya matse shi. Na ga sabuwar ma'aikaciya tana rawar hannu in za ta nemo jijiya, bayan wani lokaci ita ake tasowa da dare idan jijiyar jariri ta ɓuya wa kowa.

Ɗan Kallo:
Hajiya ta shigo, masu gajeren bayani ku ja gefe. Ina bibiya.

Injiniyan Ruwa:
Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. Ban ƙi ko ɗaya ba, amma ina tsoron yadda hirar take tafiya, kamar duk wanda ya tashi da niyyar gyara to gyaran zai yi.

Thomas Midgley injiniya ne a Amurka, kuma babu mai cewa bai fitar da baiwarsa ba. A 1921 ya gano cewa in aka zuba sinadarin dalma a fetur, inji yana daina ƙwanƙwasa. Bayan 'yan shekaru ya shiga cikin waɗanda suka samar da iskar firji ta Freon, wadda ba ta kama wuta kuma ba ta da guba kamar waɗanda ake amfani da su kafin ita. Aka yi ta ba shi lambobin yabo. Na farkon ya watsa gubar dalma a iskar biranen duniya tsawon shekaru, ta shiga jinin yara ta rage musu kaifin ƙwaƙwalwa, sai a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da irin fetur ɗin. Na biyun ya ci lulluɓin ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa. Mutum ɗaya.

Za a ce ai wannan neman riba ne. To ga na masu kyakkyawar niyya, kuma a Bangladesh ɗin da Hajiya ta ambata. Daga shekarun 1970 aka yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse don raba mutane da ruwan tafki mai ɗauke da kwalara. An kuwa raba su. Sai dai ba a gwada ruwan ƙasan don gubar asenik ba. A 1993 aka tabbatar tana ciki, daga baya aka yi ƙiyasin mutum miliyan 35 zuwa 77 ne ke cikin haɗarinta. Garin neman gira an taɓa ido.

Ni a aikina abin da ya fi yawa ba ma irin wannan babban bala'in ba ne. Famfon tuƙa-tuƙa ne za ka tarar a tsaye ya yi tsatsa, ga allon sunan wanda ya gina yana ƙyalli a gefe. Ka kwance kan, ka zaro sanduna, sai ka ga wata 'yar roba ce ta cinye, wadda yaro ma zai iya riƙewa a tafin hannu. Ba wanda aka koya wa canza ta, ba wanda aka ce shi ne mai kula. An zo, an ɗauki hoto, an tafi. Ɗaukar nauyi a wurina shi ne ka koma bayan shekara ka ga abin da aikinka ya zama.

Tsohuwar Nas:
Injiniya, ka tuna mini abin da na bari. BRAC ba a kan yawan gidajen da mace ta shiga take biyanta ba. Bayan 'yan makonni sai wasu daban su bi wasu daga cikin gidajen, su yi wa uwa tambayoyi, su ce ta haɗa ruwan a gabansu, su ɗauki kaɗan a kai ɗakin gwaji a auna gishirin. Gwargwadon abin da uwar ta riƙe, gwargwadon albashin mai koyarwa. Dole a yi haka, domin gishiri in ya yi yawa shi ma yana iya kashe yaro.

Almajirin Fiƙihu:
Da izinin malamai. Ina ganin tambaya ta biyu ba a taɓa ta sosai ba, wato "ba ni na ɓata ba". 'Yar'uwa, kin ɗaure nauyi da laifi, alhali a fiƙihu ba tare suke tafiya kullum ba. Akwai fardu aini, wanda ke kan kowa da kansa. Akwai fardu kifaya, wanda ke kan al'umma gaba ɗaya: in wasu sun tsaya masa ya sauka daga kan saura, in kowa ya bari duk masu iko sun shiga laifi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa likitanci da lissafi a wannan sahu, har ya yi ƙorafin yadda ɗalibai ke rububin fannin da ke kawo muƙami suna barin garuruwa babu likitansu.

Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne, malamai sun ce fardu kifaya yana komawa fardu aini a kan mutum idan babu mai iya yi sai shi. Wani yana nutsewa, mutum goma a bakin ruwa, ɗaya ne ya iya iyo. Ba shi ya tura shi ba. Amma a kansa ceton ya faɗa, sauran taran kuma nasu shi ne ihu da neman igiya. Nauyi iko yake bi. Shi ya sa ni a ganina tambayoyinki biyu tambaya ɗaya ce: duk abin da kika ƙara iyawa, akwai wani nauyi da ya taso daga kan jama'a ya nufo ki. Ba a ce ki ɗauki duniya ba. Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya.

Mai Ja-in-ja:
Malam Almajiri, wannan kam ya shiga. Amma ka lura, da ma'auninka mai kamfanin mai da minista su ne suka iya iyo. Maganata ba ta faɗi ba kenan, ƙarfi ma ta ƙara.

Sannan duk kuna kawo mana waɗanda abinsu ya yi kyau. Ramanujan nawa ne wasiƙarsu ta ƙare a kwandon shara? Ramin ozon kuma ba kyawun halin ɗaiɗaikun mutane ne ya tsayar da shi ba, yarjejeniyar Montreal ce ta 1987, gwamnatoci suka sa hannu suka hana sinadarin. Doka ce ke gyara duniya.

Injiniyan Ruwa:
Doka ce, amma ba daga sama take faɗowa ba. Kafin Montreal akwai Mario Molina da Sherwood Rowland, da suka wallafa a 1974 cewa iskar nan za ta ci ozon, masana'antu suka yi musu ca. Batun dalma kuma akwai Clair Patterson, masanin kimiyya a Amurka. Shi ba gyaran duniya ya fito yi ba, shekarun duniya yake son aunawa, kuma ya auna: biliyan 4.55, a 1956. A cikin aikin ne ya ga duk abin da ya taɓa a ɗakin gwaji dalma ta gurɓata shi, ya bi sawu har ya gano daga fetur take. Zai iya cewa ba fannina ba ne ya koma kan duwatsunsa. Ya fito ya faɗa a 1965, ya rasa kwangilolin bincike, a 1971 aka kafa kwamitin ƙasa kan dalma a iska aka bar shi a waje duk da ba wanda ya fi shi sanin abin. A bakin wannan ruwan shi ne wanda ya iya iyo, in na ari maganar Malam.

Mai Ja-in-ja:
Na karɓi Patterson. Ban karɓi cewa kowa Patterson ne ba.

Mai Ɗawainiya:
Ku yi haƙuri, zan ɗan karkata. Ni irin wannan hirar nauyi take ƙara mini. Ina aiki da rana, ina da yara, mahaifiyata kuma tana kwance, ni ke juya ta, ni ke mata wanka, ni ke lissafin magungunanta. Akwai karatun da na so ci gaba da shi, na ajiye. In na ji ana "fito da baiwarka, canza duniya" sai na ji kamar ni ce na gaza. Ina zan sa kaina a wannan lissafin naku?

Tsohuwar Nas:
'Yata, Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka miki. Juya marar lafiya a kan lokaci don kada bayansa ya yi gyambo aiki ne da ake koyarwa a makarantar nas, ana kuma faɗuwa jarrabawarsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa a 2018 cewa aikin kula da ba a biya yana cin awa biliyan 16.4 kowace rana, kuma sama da kashi uku cikin huɗu mata ne ke yi. Da za a ajiye shi mako ɗaya, babu asibiti ko gwamnatin da za ta iya ɗauka. Abu ɗaya zan ce miki a matsayin uwa: ki nemi wanda zai riƙa karɓarki, ko na 'yan awoyi ne. Masu jinya su ma suna faɗuwa, na gani da idona. In akwai 'yan'uwa maza, ba a ɗauke musu ba.

Almajirin Fiƙihu:
Hadisin ma cewa ya yi dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Yaya, naki kiwon a gabanki yake. Karatun kuma ajiyewa kika yi, ba binnewa ba.

Mai Ja-in-ja:
A nan dai ba ni da ja. Sai dai a lura, da za a samu tsarin da ke tallafa wa masu jinya, da baiwar Allah nan ba ta ajiye karatu ba. Mun sake dawowa kan ƙofa.

Ɗalibar Lissafi:
Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya. Ana cewa duk wanda ya yi atisaye na awa 10,000 zai ƙware a komai. In haka ne ai batun baiwa ma bai taso ba.

Malamin Aji:
An yi wa maganar nan ƙari. Asalinta binciken Anders Ericsson ne da abokan aikinsa a 1993, kan ɗaliban goge na Turawa a wata makarantar kiɗa a Balin. Waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara wajen awa 10,000 a matsakaici kafin su kai shekara 20. Matsakaici ne, ba sharaɗi ba, shi kansa Ericsson ya yi ta ƙorafin yadda aka juya abin. A 2014 Brooke Macnamara da wasu suka tattara bincike 88, suka ga atisaye yana bayyana kashi 26 cikin 100 na bambancin ƙwarewa a wasanni irin su dara, kashi 21 a kiɗa, 18 a motsa jiki, 4 a karatu, ƙasa da 1 a sana'o'i. Atisaye dole ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Abin da ni na ɗauka daga Ericsson shi ne irin atisayen: ka yi abin da ya ɗan fi ƙarfinka, wani ya nuna maka kuskurenka nan take, ka sake. Maimaita abin da ka riga ka iya shekara ashirin ba ya ƙara komai, mu malamai mun fi kowa sanin haka.

Tsohuwar Nas:
Mai Ja-in-ja ya ce ba kowa ne Patterson ba. Gaskiya ne ɗana. To ga wanda ba masani ba. Mutum na ƙarshe da ya kamu da agana ta hanyar yaɗuwarta ta asali shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Marka a Somaliya, a watan Oktoba na 1977. Shi da bakinsa ya ce ya kauce wa rigakafin ne don tsoron zafin allura. Ya warke, a 1980 aka ayyana an kawar da cutar daga duniya. Daga baya ya shiga aikin rigakafin shan inna, yana bi yana ba iyaye labarin kansa don su bari a ɗiga wa 'ya'yansu. A kan aikin zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya rasu a 2013. Abin da yake da shi a hannu labarin tsoronsa ne kawai, kuma babu likitan da zai iya faɗar sa a madadinsa.

Ɗalibar Lissafi:
To. Akwai yaran da ke zuwa wurina da aikin gida ina kora su don ina ganin ɓata lokaci ne. Ina tunanin na ware musu yamma biyu a mako. Amma bayan maganar Injiniya ina tsoron kada na zama mai allon suna.

Mai Ja-in-ja:
Ki gwada su kafin ki fara, ki rubuta. Ki sake gwadawa bayan wata uku. Waɗanda suka daina zuwa ma ki sa su a lissafi, kada ki kawo mana sakamakon masu ƙoƙari kaɗai. Kuma ban janye ba: makarantar da ta bar su haka ita ma a tambaye ta.

Malamin Aji:
A tambaye ta, ni ma ina cikin waɗanda za a tambaya. 'Yata, kada ki bi littafin ajinsu. Ƙungiyar Pratham a Indiya ta daɗe tana raba yara bisa abin da suka iya ba bisa aji ko shekaru ba, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka gwada tsarin suka ga yana aiki. Gwajin ba ya cin minti biyar. Ki zaunar da yaro shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba. Ki nuna masa lambobi daga 1 zuwa 9, in ya gane ki wuce 10 zuwa 99, sannan ɗebewa mai aro, sannan rabawa. Inda ya tsaya nan za ki fara da shi, ko da ɗan aji shida ne ya tsaya a lamba biyu. Ki kuma duba bayan littafin kowannensu kafin ki ce komai. In kina so zan turo miki samfurin takardar gwajin da daddare.